Yadda Ake Sayen Tsohuwar Motar Gudu Ta Japan, A Gano Ciwonta, A Gyara Ta

Kusan duk wanda ya zo mini da maganar Nissan Skyline, Toyota Supra, Mazda RX-7 ko Toyota AE86, tambayarsa ta farko a kan inji take: doki nawa ne, tarbo ɗaya ne ko biyu. Da wuya a tambaye ni ƙasan motar, alhali can ne kuɗin mutum yake nutsewa. Yawancin motocin nan sun haura shekara 25, Datsun 240Z ma tun 1969 ta fito. Inji ana sauke shi a sake gina shi, ya dawo kamar sabo. Gangar jikin da tsatsa ta cinye kuwa da wuya ta koma yadda take. Ga tsarin da nake bi, kuma jerin matakan yana da muhimmanci, domin kowanne yana gaya maka ko ka ci gaba ko ka juya.

1. Zaɓi mota ɗaya, ka san ciwonta

Kada ka fita neman "motar gudu ta Japan" haka kawai. Tsayar da samfuri ɗaya, ka nemo littafin gyaransa na kamfani tun kafin ka je ganin mota. Kowace tana da inda ta saba ciwo.

Skyline GT-R R32, wadda aka yi daga 1989 zuwa 1994, tana da injin RB26DETT. Farfelar tarbonta ta siramik ce, takan tarwatse idan aka ƙara matsin iska fiye da saitin kamfani, kuma a na farko-farko wurin da karanshaf ke juya famfon baƙin mai siriri ne, yana cinyewa. Supra A70 mai injin 7M-GTE ta yi suna wajen ƙona tof gaskit. Ƙanwarta A80 mai 2JZ-GTE injinta ƙarfe ne na gaske, amma giyarta mai shida, Getrag V160, tana da wuyar samu. RX-7 injin rotari gare ta, zan yi dogon bayani a kanta. Mazda MX-5 ta farko, daga 1989 zuwa farkon 1991, bakin karanshaf ɗinta gajere ne, idan aka ɗaure fuli ba daidai ba sai ya cinye mazaunin. Honda NSX ta farkon shekarun 1990 wasu suna da matsalar wani zobe a cikin giya. Honda S2000 ta farko, mai kai juyi 9,000 a minti, takan tsaga marikin bawul idan direba ya yi kuskuren jefa ƙaramar giya cikin gudu.

Wanda bai taɓa riƙe tsohuwar mota ba, ra'ayina ya fara da MX-5. Injinta mai sauƙi ne, kayanta suna da yawa, kuma kuskure a kanta ba ya talauta mutum. RX-7 FD, wato zubi na uku, da Nissan 300ZX Z32 mai tarbo biyu ba motocin koyo ba ne.

2. Kayan da za ka riƙe

Tocila mai haske sosai, ƙaramin madubi mai sanda, mayen ƙarfe da ka naɗe da ƙyalle, mitar wuta, ma'aunin matsin silinda, sifanar fulogi, da tabarmar kwanciya a ƙasa. Idan za ka samu na'urar auna kaurin fenti, ta fi mayen ƙarfe. Sifanu masu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19 su ne za su kwance maka mafi yawan motar Japan.

*Gargaɗi:* kusoshin da suke kama da na sukudireba mai kuros a waɗannan motoci yawanci na ma'aunin JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan. Sukudireba ta gama-gari tana zamewa ta cinye kansu, musamman a kan kafireta da na'urar auna iska. Sayi ta JIS, ba ta da tsada.

3. Takardu kafin ka taɓa mota

Motar da aka yi don kasuwar Japan ba ta da lambar shasin nan mai harafi 17 da ake kira VIN. Lambar shasinta gajera ce, tana farawa da sunan samfuri: BNR32, FD3S, JZA80, AE86, sai ɗan layi, sai lambobi. Gwada lambar da ke takarda da wadda aka buga a jikin ƙarfe da ta kan farantin kamfani. Idan ka ga alamar walda ko sabon fenti a kewayen lambar kaɗai, ka bar motar. Wannan ma shi ke raba GT-R ta gaskiya da GTS-t, ƙaramar Skyline, da aka yi wa kwalliya.

Shekara a takardun Japan da zamanin sarki ake rubuta ta. Idan ka ga S, Showa ke nan, ƙara 1925: S58 ita ce 1983. Idan H ce, Heisei, ƙara 1988: H5 ita ce 1993.

Motar da ta bi ta gwanjo, kamar na kamfanin USS, tana da takardar bincike. Makin jiki 4 ko 4.5 yana da kyau ga tsohuwar mota, 3.5 tana buƙatar aiki, R ko RA na nufin ta yi haɗari an gyara. A kan zanen motar, A ƙarzuwa ce, U lotsawa, W wurin da aka gyara, S tsatsa, C ruɓewar ƙarfe, XX kuma ɓangaren da aka canza. Gidajen gwanjo sun ɗan bambanta a alamominsu. Takardar fitar da mota daga Japan yawanci tana nuna kilomitar da aka rubuta a binciken shaken biyu na ƙarshe, binciken dole da ake yi duk shekara biyu. Idan mitar motar ta nuna ƙasa da abin da ke takardar, an taɓa ta.

*Gargaɗi:* takardar gwanjo ana yin ta jabu, ana kuma fassara ta a tsallake rubutun hannu na mai bincike, inda ainihin aibin yake. Sa wani wanda ba shi da riba a cinikin ya karanta maka. Sannan ka binciki dokar ƙasarka tun yanzu, domin motocin kasuwar Japan sitiyarinsu a dama yake, kuma akwai ƙasashen da ba sa yi wa irinsu rajista ko suke da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita.

4. Tsatsa da alamun haɗari

A nan za ka fi daɗewa. Je da rana, motar a bushe, domin ruwa da hasken fitila suna ɓoye aibin fenti. Ka nemi a ɗaga ta. Mai motar da ya ƙi a ɗaga, ya riga ya ba ka amsa. Ba a cinikin biri a sama.

Fara daga ƙasa: dogayen ƙarafan shasi guda biyu, daɓen ƙasa, ƙarƙashin ƙofofi, da wuraren sa jek. Danna da yatsa ko ƙotar sukudireba. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara tsaf, ruɓaɓɓe kuwa yana ɓurmawa ko ya zubo da gari. Baƙin kwalta sabo fil a ƙasan mota mai shekara 30 abin tuhuma ne, sau da yawa an shafa ne don a rufe ɓarna. Motar da ta zauna a Hokkaido ko Tohoku, inda ake zuba gishiri a hanya saboda ƙanƙara, ko a bakin teku kamar Okinawa, ka ninka binciken.

Sannan ka je inda samfurin ya saba ruɓewa. A 240Z, ƙarƙashin batir, daɓe da bakin ƙofar baya. A AE86, bakin tayoyin baya da ramin safaya taya. A MX-5, ƙarƙashin ƙofa dab da tayar baya, domin ramukan da ke zubar da ruwan rumfa suna toshewa, ruwan ya kwanta a ciki ya ci ƙarfe daga ciki zuwa waje. Ƙaramin ƙurji da ka gani a fenti a wurin, abin da ke bayansa ya ninka shi. A R32 duba bakin tayoyin baya da kewayen gilashin baya. A R33 da R34, Skyline ɗin da suka biyo bayanta, buɗe bonet ka dubi hasumiyar da shokozoba ke ɗaure a kai, inda ƙarfe biyu suka hau juna, nan tsatsa take kumbura. Nissan Silvia S13 kuwa sau da yawa za ka tarar an lotsa ƙarafan shasinta da jek ko da bugun ƙasa.

Ɗaga kafet ɗin but da na ƙafar direba, ka shinshina. Warin danshi na nufin ruwa yana shiga.

Game da haɗari, dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da fenda, da bonet da fitila: ya kamata hagu da dama su yi daidai. Kusoshin fenda da fentinsu ya ɓare an taɓa kwance su. Ɗigon waldar kamfani yana jere, girmansa ɗaya, na gareji kuwa ba ya jeruwa. Fentin kamfani yawanci yana tsakanin maikiron 80 zuwa 150, idan na'ura ta nuna 400 ko fiye, akwai fila a ƙasa.

*Gargaɗi:* mayen ƙarfe ba ya kama alminiyam. Gangar jikin NSX gaba ɗaya alminiyam ce, haka bonet da fendojin gaba na GT-R R32. Kada ka ɗauka fila ce. Amma gyaran alminiyam da ya lanƙwashe sai ƙwararre na musamman, saboda haka NSX mai tarihin haɗari ka yi nesa da ita.

Tsatsar da ta tsaya a fenda ko ƙofa ana iya sasantawa a rage kuɗi. Wadda ta kai ƙarfen shasi, hasumiyar shokozoba ko inda ƙafafun baya suke ɗaure, ni ba na saye, ko da injin yana waƙa.

5. Tayar da inji da sanyinsa

Gaya wa mai motar kada ya tayar kafin ka zo, in ka iso ka taɓa injin ka tabbatar. Kafin a murza makulli, buɗe murfin baƙin mai: kumfa mai kama da madara alamar ruwa ne a cikin mai. Buɗe lagireto tun yana sanyi ka ga ko akwai maiƙo ko tsatsa a ruwan.

Murza makulli zuwa ON ba tare da ka tayar ba. Dole fitilun gargaɗi su kama duka, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an cire ƙwanta. A GT-R ka kula da fitilar HICAS, tsarin da ke ɗan juya tayoyin baya, da ta 4WD, tsarin da ke ba tayoyi huɗu ƙarfi.

Sa wani ya tayar, kai ka tsaya a baya. Hayaƙi mai shuɗi da ya fito ya ɗauke, sil ɗin bawul ne. Shuɗin da bai daina ba, ringi ne ko tarbo. Fari mai kauri da ƙamshi-ƙamshi da ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke ƙonewa. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Ƙaramin ƙas-ƙas daga saman inji da ke ɓacewa cikin 'yan daƙiƙu ba abin tsoro ba ne. Bugu mai nauyi daga ƙasa da ke ƙaruwa da totur, metal ne, injin na neman saukewa. Da mitarka auna batir: wajen bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 inji na aiki.

6. Gwajin matsin silinda

Bari inji ya yi zafi, kashe shi, cire fiyus ɗin famfon fetur, cire wutar kwil, fitar da fulogi duka. Taka totur har ƙasa, ka juya inji da kik sau biyar ko shida a kowace silinda, ka rubuta. Abin da ake nema shi ne su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma kada a sauka ƙasa da iyakar da littafin kamfani ya ba da. Silindar da ta yi ƙasa, zuba mata baƙin mai cokali ɗaya ka sake. Idan ta tashi, ringi ne. Idan ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, tof gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Jera fulogin a kan ƙyalle yadda ka cire su. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi, ruwa ne ke shiga silindarsa.

RX-7 dabam take. Injinta, 12A ko 13B, ba shi da fistin. Rota biyu gare shi, kowace mai fuska uku, saboda haka karatu shida ake nema. A kusurwoyin rota akwai 'yan sandunan ƙarfe da makanikai ke kira afes sil, su ne ke riƙe matsi. Ma'aunin da aka saba yana riƙe lamba mafi girma kaɗai, sai ya ɓoye maka fuskar da ta mutu. Ana buƙatar na'urar rotari, wadda ke ba da lamba uku a kowace rota tare da saurin juyin kik, domin Mazda tana ba da ma'auninta ne a juyi 250 a minti, kuma batir mai rauni yana rage karatun. Idan babu na'urar, cire ɗan bawul ɗin da ke riƙe iska a ma'auninka, ka kalli allura: ta yi tsalle uku daidai wa daida. Tsalle ɗaya babba da biyu ƙanana na nufin afes sil ya tafi.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar kaya ko kaɗan. Bayan tuƙi, kashe injin da zafinsa, jira minti biyar zuwa goma, ka sake tayarwa. Rotari mai lafiya tana kamawa nan take. Wadda ke tashi lafiya da safe amma ta yi ta jan kik da zafi, matsinta ya yi ƙasa.

*Gargaɗi:* rotari tana shan baƙin mai da gangan, akwai ɗan famfon da ke ɗiga shi don shafa wa sil. Raguwar mai kaɗan-kaɗan ba ciwo ba ne, amma ka riƙa duba shi a kai a kai. Zafi ne babban maƙiyinta. Sau ɗaya tak allura ta haura sosai yana iya ƙona sil ɗin ruwa, kuma gyaransa sai an wargaza injin baki ɗaya.

7. Tuƙin gwaji

Kashe rediyo, ka yi aƙalla minti 20. Shiga kowace giya a hankali da kuma cikin sauri. Ƙarar gurzawa wajen shiga ta biyu ko ta uku, sinkiro ne ya cinye. A giya ta huɗu ko ta biyar da ƙaramin gudu, taka totur sosai: idan juyin inji ya tashi mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci na zamewa. A RX-7 FD tarbo na biyu yana shigowa ne wajen juyi 4,500, za ka ji ƙarfi ya ɗan lafa ya dawo. Idan bai dawo ba, matsalar tana cikin tarin ƙananan tiyo da ke sarrafa tarbon biyu.

Bayan ka tsaya, bar inji a sulo har fankar lagireto ta kama ta kuma tsaya da kanta, sannan ka leƙa ƙasa ka ga abin da ke ɗiga.

*Gargaɗi:* Toyota MR2 injinta a tsakiya yake. Samfurinta SW20 na farko-farko takan juyo da baya farat ɗaya idan ka saki totur a tsakiyar kwana cikin gudu. Kada ka gwada ƙarfinta a kan tsofaffin tayoyi.

Motar da aka yi wa ƙarin ƙarfi ba tare da takardar wanda ya yi aikin da saitin kwamfuta ba, ka ɗauke ta a matsayin mai gajiyayyen inji. Wayoyin da aka yanka aka naɗe da salatif a ƙarƙashin dasbod sun fi komai cin lokaci wajen gyara.

8. Lissafin kuɗi

Kuɗin saye somin-taɓi ne. Idan daga Japan za ta taso, akwai ladan gwanjo, na wakili, jigilar cikin ƙasa, jirgin ruwa, inshora, kwastan da rajista. Farashi kuma yana tsalle idan samfuri ya cika shekara 25, domin a lokacin ne dokar Amurka ke ba da damar shigo da shi. Haka aka gani da R32 a 2014 da GT-R R34 a 2024.

Wajen gyara, abin da ya fi tsada shi ne waldar shasi da fentin gaba ɗaya, sai sake gina inji irin RB26 ko rotari, sai giya, sai tarbo. Abin da mutane ba sa tsammani shi ne robobin ciki, dasbod, fitilu da robar bakin gilashi, waɗanda aka daina yi. Shawarata: ware kashi ɗaya cikin uku na abin da kake da shi don shekarar farko. Idan sayen zai cinye kuɗin duka, nemi samfurin da ya fi sauƙi.

9. Sabis na farko, kafin kowace kwalliya

Ka ɗauka ba a yi mata komai ba sai abin da ka ga rasidinsa.

Birki da taya tukuna. Canza man birki gaba ɗaya da tiyon roba na ƙafafu. A gefen taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Mai lamba uku tun kafin 2000 aka yi ta. Tayar da ta haura shekara shida zuwa takwas, ko zanenta bai cinye ba, ta bushe.

Sai tiyon fetur da matatarsa. Tsohon tiyo a kusa da tarbo mai zafi shi ke ƙona mota. Ka ajiye abin kashe gobara a ciki.

Sai taimin bel. A Japan ana canza shi a kilomita 100,000, kuma sau da yawa ana manna takarda a murfinsa, amma shekaru ma suna kashe shi. Canza shi tare da famfon ruwa, tenshina da sil ɗin gaba, tunda hannu ɗaya ne. A RB26 da injin NSX, idan bel ya tsinke fistin zai daki bawul. 4A-GE na AE86 mai bawul 16 da injin MX-5 sai dai su tsaya kawai. SR20 na Silvia, F20C na S2000 da L24 na 240Z sarƙa gare su, rotari kuwa ba ta da ko ɗaya.

*Gargaɗi:* bayan ka sa bel, juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, ka tabbatar alamomin sun dawo daidai kafin ka taɓa kik. Kusar fulin karanshaf kuma da sifanar auna ƙarfi ake ɗaure ta, a lambar da littafi ya ce.

Sai ɓangaren sanyaya inji. Lagireton da kansa na roba ya koma ruwan ƙasa ya kusa fashewa. Canza shi da tamostat, murfi da tiyo duka, har ƙananan da ke ɓoye a ƙarƙashin manifol. A FD akwai ƙaramin tankin roba mai raba iska da ruwa, yana tsagewa, a sa na alminiyam. A MR2 bututun ruwa dogaye ne daga gaba zuwa baya, sai an bi tsarin littafi wajen fitar da iska. Cire tamostat don inji ya daina zafi kuskure ne da ake yawan yi, yana ɓoye ciwon ne kawai.

Daga nan baƙin mai, man giya, man difaransha, fulogi. Rotari fulogi biyu gare ta a kowace rota, L a ƙasa, T a sama, kada a musanya su.

Masu tarbo na kasuwar Japan an saita su ne a kan fetur mai oktan sosai, wanda a can yake kai wajen 100. Idan wanda kake samu bai kai ba, kada ka matsa mata sai ƙwararre ya sake saita kwamfutar. Ƙarar da ke kama da tsakuwa a gwangwani lokacin da ka taka totur, ita ce ke fasa fistin da afes sil.

10. Idan ta lalace: bi layi, kada ka yi ta canza kaya

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen kaya bisa zato. Na ga motar da aka canza wa famfon fetur, kwil da injekta, ashe wayar at, wato ta negatif, ce ɗaya ta yi tsatsa a jikin inji. Ka fara da batir, kawunansa da wayoyin at. Sai fiyus da rile. Sai ka tambayi kwamfutar motar.

Yawancinsu na'urar OBD2 ta zamani ba ta karanta su, amma suna faɗin ciwonsu da ƙyaftawar fitila. A Toyota, buɗe ƙaramin akwatin bincike, haɗa bakunan da aka rubuta wa TE1 da E1 da guntun waya, murza makulli zuwa ON, ka ƙirga ƙyaftawar fitilar inji. Ƙyaftawa biyu, ɗan shiru, sannan ɗaya, lamba 21 ke nan. Idan tana ƙyaftawa bai ɗaya ba tsayawa, babu laifin da aka adana. A Mazda TEN da GND ake haɗawa, kuma MX-5 da ba ta da fitilar inji sai an jona ƙaramar fitila a FEN. A Nissan lamba 55 na nufin lafiya lau. A Honda akwai soket mai baki biyu a ƙarƙashin dasbod ta ɓangaren fasinja.

*Gargaɗi:* a cikin waɗannan akwatuna akwai bakin da ke ɗauke da wutar batir. Karanta rubutun murfin da kyau kafin ka soka waya. Kuma lambar tana nuna layin da ke da matsala ne, ba lallai na'urar ce ta mutu ba. Duba soket da waya kafin ka saya.

Idan babu lamba, koma kan abubuwa huɗu a jere: wuta a fulogi, matsin fetur, iska, matsin silinda.

11. Ciwukan da suka fi dawowa

Sulo na hawa da sauka: kusan kullum iska ce ke shiga ta tsagaggen tiyo. Gwajin hayaƙi, wato a hura hayaƙi cikin tiyon a ga inda yake fita, yana nuna wurin. Canza ƙananan tiyon ɗaya bayan ɗaya, kada ka cire su gaba ɗaya, kuma ka ɗauki hoto kafin ka fara, musamman a FD.

Inji na sarƙewa idan tarbo ya shigo: a Nissan, fara da kwil da tazarar fulogi, sannan na'urar auna iska, wadda dalmar cikinta ke tsagewa. A 300ZX soket ɗin injekta suna yin kore saboda tsatsa.

Honda ta ƙi tashi bayan ta sha rana, ta tashi da ta huce: babban rile na famfon fetur ne, dalmarsa ta tsage. Ana sake narka ta ko a canza shi.

Ciwon da ba shi da kan gado, yau giya, gobe sulo, jibi lafiya lau: buɗe kwamfutar ka duba. Kafasitocin Toyota da Mitsubishi na shekarun 1990 suna yoyo su ci allon. Mai gyaran lantarki zai canza su da kuɗi kaɗan idan an kama da wuri.

Rotari ta ƙi tashi bayan an tayar an kashe da sanyi: fetur ne ya cika ta. Cire fiyus ɗin EGI, na tsarin injekta, juya kik na daƙiƙa goma, huta, maimaita sau biyu ko uku, mayar da fiyus. Nan gaba kada ka kashe ta sai ta yi zafi.

240Z na gargada: kafiretanta biyu ne, sai an daidaita su da juna. Amma ka gyara tazarar bawul da taimin wuta tukuna, kafireta ce ta ƙarshe.

12. Inda ake samun kaya

Yi oda da lambar kaya, wadda za ka samo da lambar shasinka, domin samfuri ɗaya yana canzawa daga shekara zuwa shekara. Kamfanonin sun dawo da ƙera wasu kayan: Nissan ta fara da na R32 a 2017 ta hannun NISMO, sashenta na motocin tsere, Mazda ta buɗe shirin farfaɗo da MX-5 ta farko a shekarar, Toyota kuma tana fitar da na Supra A70, A80 da AE86 a ƙarƙashin GR Heritage Parts. Fulogi, kwil, famfon ruwa da na'urori masu auna abu, ka tsaya kan na kamfani ko na masu yi masa kaya tun asali, irin su Denso, NGK da Aisin, kuma ka saya wurin dila amintacce, domin jabunsu sun yi yawa.

Duk abin da ka cire na asali, ko sitiyari ne ko akwatin iska ko salansa, wanke shi ka rubuta sunansa ka adana. Idan ka tashi sayarwa, mai saye zai tambaye su, kuma wasunsu ba a ƙera su yanzu.